Yadda Ake Kamo Arabsat a Kano, Daga Tsakar Gida Zuwa Saman Soro

Duk shekara, da zarar watan Sha'aban ya raba, wayata ba ta hutawa. Daga Kurna har Ɗorayi magana ɗaya ce: "Malam, a zo a saita mana Arabsat, muna son ganin tarawin Harami." Dalilin a fili yake. Saudiyya ta riga mu da awa 2, don haka lokacin da ake tayar da isha'i a Makka, mu a Kano muna kan tabarmar shan ruwa ne. A gidaje da yawa kunun tsamiya da ƙosai ba sa cika daɗi sai karatun limaman Harami na tashi daga talabijin. Na haura shekara ashirin a wannan sana'a ta kafa kwanon satalayit, tun ina riƙe wa maigidana tsani a Fagge, kuma abin da zan rubuta a nan shi nake koya wa yaran shagona kafin in bar ɗayansu ya fita aiki shi kaɗai.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya amsa masa tambaya ɗaya: wane Arabsat ɗin? Domin Arabsat ba tauraron ɗan Adam ɗaya ba ne. Sunan hukuma ce da ƙasashen Ƙungiyar Larabawa suka kafa a 1976, hedikwatarta na Riyad, kuma Saudiyya ce ke da kaso mafi girma a cikinta. Sai da suka shekara tara kafin su ga tauraronsu na farko a sama. Arabsat-1A, ƙirar Faransa, ya tashi a watan Fabrairun 1985 a kan rokar Ariane. A watan Yunin wannan shekarar, ana ƙarshen azumi, jirgin sama jannatin Amurka mai suna Discovery ya ɗauki na biyu, Arabsat-1B, kuma a cikin jirgin akwai Yarima Sultan bin Salman, ɗan sarkin Saudiyya na yanzu, wanda ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya. Maigidana yana son wannan labari ƙwarai, yakan ba mu shi muna zaune a ƙofar shago muna ɗaura kan waya.

Waɗancan na farko duk sun daɗe da yin ritaya. Tauraron sadarwa yana da man da yake gyara zamansa da shi, kuma yawanci shekara 15 ake ƙera shi ya yi. Idan man ya kusa ƙarewa sai a tura shi can sama, a kawo sabo a mazauninsa. Arabsat na uku, wanda aka harba a 1992, Indiya aka sayar wa daga baya. Akwai ma wanda bai kai ba: Arabsat-4A, da aka harba daga Baikonur ta Kazakistan a Fabrairun 2006, rokar ta gaza a hanya, aka haƙura aka dawo da shi ya ƙone a saman tekun Fasifik. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana irin wannan, domin NigComSat-1 da Sin ta harba mana a 2007 ya mutu a 2008, sai a Disambar 2011 aka maye gurbinsa.

Abin da ya shafi mai hawa tsani shi ne mazauni. Duk taurarin talabijin suna jere ne a layi ɗaya, kilomita 35,786 a saman layin tsakiyar duniya, wato wanda ya raba ta arewa da kudu, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganinsu kamar a tsaye. Kowane mazauni da lambarsa ta digiri. Arabsat na da digiri 20 gabas, inda Arabsat-5C ya zauna tun 2011. Tana da digiri 30.5 gabas, inda Arabsat-5A ya je a 2010, sannan Arabsat-6A ya same shi a Afrilun 2019, a kan babbar rokar Falcon Heavy ta kamfanin SpaceX. Amma babban gida, inda mafi yawan tashoshin da mutanenmu ke nema suke, shi ne digiri 26 gabas. Taurarin da ke wurin sunansu Badr. Badr-4 ya tashi a 2006, Badr-6 a 2008, Badr-5 a 2010, Badr-7 a 2015, sai Badr-8 a watan Mayun 2023. Idan Alhaji ya ce Arabsat yana nufin tashar Alƙur'ani ta Makka da ta Sunna ta Madina, to 26 ka nufa.

Ka lura da kyau a nan, domin wannan ne ke raba gwani da ɗan koyo. Taurari da yawa a mazauni ɗaya, kwano ɗaya ke kallonsu duka, amma kowannensu da inda yake haskawa, kamar mutane uku a tsaye wuri ɗaya kowa da tocilarsa. An fi karkata hasken zuwa ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka, mu kuwa Kano a gefe muke, abin da ya zubo muke tara. Shi ya sa za ka kama wata tasha tangaran, ta kusa da ita a jeri kuma ko motsi ba ta yi. Ba hannunka ba ne, ba kuma risiba ba ce, hasken wannan tauraron ne bai iso mu da ƙarfi ba. Ni dai ba na yi wa kowa alƙawarin tashoshi kaza kafin in gwada. Kuma ba na yarda in nemi Badr da ƙaramin kwanon nan na santimita 60 da ake bayarwa tare da dikodar biyan kuɗi. Iya faɗin kwano, iya abin da zai tara. Wanda ke da hali ya sayi babba, na mita 1.8 ko sama, ya huta da kiran waya. Kwanon ƙirar gida da masu walda ke yi yana aiki idan an fitar da zurfinsa daidai, sai dai ka duba shi da kyau: ka miƙa zare biyu a gicciye daga baki zuwa baki, idan ba su taɓa juna a tsakiya ba, kwanon ya murɗe, kada ka saya ko da araha.

Sai batun LNB, wato ɗan kan da ke tsaye a gaban kwano yana karɓar abin da kwanon ya tara. Iri biyu ne. Akwai na Ku, ƙarami, wanda yawancin tashoshin Badr ke buƙata. Akwai na C, babba kamar gwangwani, wanda ake amfani da shi a kan hasken da Arabsat ke yi wa Afirka daga 20 da 30.5. Na C ba ya jin ruwan sama sosai amma dole sai babban kwano. Duka ana samu a kasuwar Sabon Gari. Kada ka yi rowa a kan LNB da waya, domin a nan ne siginar da ka sha wahalar tarawa take zubewa.

Ranar aiki, kafin komai, ka yi sallama a gidan, ka ce a aika yaro ya gaya wa maƙwabta za a hau sama. A cikin gari, Gwammaja ko Yakasai ko Dala, wanda ya hau soro ɗaya yana ganin tsakar gida huɗu. Mata na aikinsu, ba daidai ba ne su ɗaga kai su ga baƙon namiji. Na ga yaron da aka kora daga unguwa saboda wannan, ba don bai iya aiki ba. Idan akwai fili a ƙasa ma, ni na fi son kafa babban kwano a tsakar gida, domin iska ba ta dukansa kamar a sama, gyara kuma ba sai da tsani ba. Idan dole sai an hau rufin ɗaki na kwano, ka taka inda layin ƙusoshi yake, nan ne katako ke ƙasa, ka kuma duba wayoyin lantarki kafin ka ɗaga ƙarfe.

Yanzu ina za a duba? Ga hanyar da ba ta buƙatar na'ura. Ka tsaya ka fuskanci alƙibla. Alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, Badr kuma yana wajen digiri 123 daga arewa, wato kudu maso gabas. Don haka daga alƙibla ka juya dama kamar digiri 55, ya ɗan haura rabin kusurwar ɗaki. Sannan ka ɗaga kai sosai, domin tsayinsa digiri 65 ne daga ƙasa. Kano tana digiri 12 kacal arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa taurarin suke kusan saman kanmu. Wannan alheri ne gare mu: katanga ko benen maƙwabci ba sa cika tarewa sai in sun matso sosai. Abin da ke tarewa shi ne reshen darbejiya ko mangwaro da ya yi rumfa. Idan akwai kwanon DStv a kusa, shi ma ja-gora ne. Yana kallon digiri 36 gabas, naka zai ɗan fi shi karkata dama kuma ya fi shi kallon sama. Kamfas ɗin waya yana taimakawa, amma ka matsa nesa da kwano da rodi kafin ka karanta, ƙarfe na ruɗa shi.

Akwai wata dabara da nake ƙauna. Sau biyu a shekara, tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana tana bi ta bayan layin taurarin daidai. A waɗannan kwanaki, wajen ƙarfe 11 na safe, inda rana take nan Badr yake. Ka fita tsakar gida a lokacin, duk inda hasken rana ya sauka babu inuwa, nan kwano zai ga tauraro. A kwanakin ne kuma hoto ke ɗaukewa na 'yan mintuna da hantsi, domin ƙarar rana ta danne siginar. Idan aka kira ka a kan haka, ka ce a jira, zai dawo da kansa, kada a taɓa komai.

Turke, wato bututun ƙarfen da kwano ke zama a kai, shi ne rabin aiki. Ka haƙa rami, ka walda ɗan guntun rodi a gindin bututun don kada ya juya a cikin siminti, ka zuba kankare, ka sa ma'aunin ruwa ta fuska biyu har ya tsaya cak. Ka bar shi ya kwana biyu. Na taɓa yin gaggawa a wani gida a Rijiyar Lemo, na ɗora kwano a kan simintin da bai gama kamawa ba saboda maigidan na son kallo a daren. Iskar farkon damina ta zo ta kwantar da shi, kwanon ya lanƙwashe, na biya rabin kuɗin sabo daga aljihuna. Har yau idan na tuna fuskar dattijon nan raina yana ɓaci, domin ya amince da ni ne.

Idan ka ɗora kwano, ka ɗaure notuna yadda zai motsa da ɗan ƙarfi amma ba zai zame da kansa ba. Ka san irin kwanonka. Mai ƙafa uku da LNB a tsakiya, inda fuskarsa ta duba nan yake kallo, don haka za ka gan shi kusan a kwance kamar faranti. Irin wannan ka huda masa ƙaramin rami a inda ruwa ke taruwa. Mai hannu ɗaya daga ƙasa kuwa yana kallon sama da abin da ido ke gani da digiri ashirin da wani abu, saboda haka ka bi lambobin da aka zana a ƙarfen bayansa, kada ka bi ido.

Sai murɗa LNB, inda yara suka fi faɗuwa. Suna ɗaura shi wayar na kallon ƙasa tsaye, su yi ta juya kwano har la'asar ba su samu komai ba. A Kano, don Badr, sai ka murɗa shi kusan digiri 55. Ka tsaya a gaban kwano kana kallon cikinsa, ka ɗauka LNB agogo ne: wayar ta bar ƙarfe 6 ta koma wajen ƙarfe 8. Daga nan za ka gyara a hankali idan sigina ta zo.

Ka sauko da ƙaramar talabijin da risiba kusa da kwano, ko ka yi amfani da mitar neman sigina. Aikin "ya zo? bai zo ba!" da ihu daga ɗaki ɓata lokaci ne. Ka kashe risiba daga soket kafin ka ɗaura waya, domin tana tura wuta, bolt 13 ko 18, zuwa LNB, kuma idan siririyar waya ɗaya ta ragar da ke cikin wayar ta taɓa ta tsakiya, komai zai tsaya. A cikin saitin, LNB na Ku lambarsa 9750 da 10600, na C kuma 5150. Sannan ka shigar da lambobin tasha ɗaya mai ƙarfi: firikwansi, simbol, da harafin H ko V. Ban rubuta su a nan ba da gangan, domin suna canzawa. Ka karɓi na wannan makon daga abokin sana'a da ya kama kwanan nan. Neman tauraro da matacciyar firikwansi kamar kiran lambar wayar da aka rufe ne.

Za ka ga layi biyu a allo. Na sama, ƙarfin sigina, yana nuna cewa waya da LNB na da rai ne kawai, ko bango ka nuna masa zai tashi. Na ƙasa, kwaliti, shi ne tauraro. Shi za ka zuba wa ido.

Ni ba na fara neman Badr kai tsaye. Ina fara kama wani tauraro mai suna Astra da ke digiri 28.2 gabas, domin yana da hasken da aka nufo Afirka ta Yamma da shi, yana da ƙarfi, tashoshin Gana na kyauta suna kansa. Idan na kama shi, na san ina bakin ƙofa. Sai in canza zuwa firikwansin Badr, in koma bayan kwano, in tura shi dama kamar digiri 3, in ɗaga shi kamar digiri 2. Wannan motsi kaɗan ne ƙwarai, a bakin babban kwano bai fi faɗin 'yan yatsu ba. Ka motsa, ka tsaya, ka ƙirga uku, domin risiba na ɗaukar lokaci kafin ta nuna. Babban kwano ganinsa siriri ne, idan ka yi sauri za ka wuce tauraron ba ka sani ba. Da kwaliti ya ɗan motsa, ka daina numfashi da ƙarfi. Ka gyara hagu da dama har ya kai ƙarshensa, sannan sama da ƙasa, sannan murɗin LNB, sannan ka matso da shi ciki ko waje a maƙallinsa. Bayan haka ka koma kan tashar da ta fi rauni cikin waɗanda maigidan ke so, ka sake gyarawa a kanta, domin mai ƙarfi za ta zo ko yaya.

Ɗaure notuna ma da iyawa. Kaɗan nan, kaɗan can, idonka na kan allo, saboda noti ɗaya idan ka matse shi gaba ɗaya yakan ja kwano ya cinye maka abin da ka samu. Ka naɗe mahaɗin waya da salatif, ka bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki don ruwa ya ɗiga a waje. Sannan ka sa risiba ta yi binciken da take yi da kanta ba tare da an ba ta lamba ba, ka zaɓi tashoshin kyauta kaɗai. Idan ta gama, ka zauna da maigidan ku jera waɗanda yake so a gaba, ku goge ko ku kulle waɗanda bai dace yara su gani ba. Wannan ma cikin aikin yake.

Sau da yawa za a ce maka, "To ina tasha kaza ta Masar?" Mutanenmu duk tashar Larabci Arabsat suke ce mata, alhali wasu na kan Nilesat ne, kamfanin Masar da aka kafa a 1996, wanda tauraronsa na farko ya tashi a 1998, na baya-bayan nan kuma, Nilesat 301, a 2022. Shi yana digiri 7 yamma, wato daga Kano kudu maso yamma, wajen digiri 233. Ɗaya na gabas ɗaya na yamma, kwano ɗaya ba zai haɗa su ba. Sai an kafa na biyu, a haɗa wayoyin da ɗan akwatin DiSEqC mai sauya wa risiba kwano, a gaya wa risiba wane ne a ƙofa ta ɗaya, wane ne a ta biyu.

Ka gaya wa masu gida gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗi. A watan Agusta, idan hadari ya haɗu ta gabas, hoton Ku zai daskare tun kafin ruwan ya sauko, ya dawo bayan ya wuce. Idan ana tsawa a cire waya daga risiba. Ƙurar hunturu ba ta hana kallo, amma zafin bazara yana fasa murfin LNB, ruwa ya shiga a damina, don haka a duba shi duk shekara. Idan kuma tasha ɗaya ta ɓace sauran na nan, kada kowa ya taɓa kwano. Mai yiwuwa an mayar da ita wata firikwansi ko wani Badr ɗin, kamar yadda ake yi idan sabo ya karɓi aikin tsoho. Sabon bincike ake yi.

Abu na ƙarshe kafin ka tattara kaya: ka ɗauki fenti ko ƙusa ka ja layi ɗaya daga maƙallin kwano zuwa jikin turke, ka kuma yi alama a kan zaren notin ɗagawa da kan wuyan LNB. Wata Hajiya a Gwammaja, wadda nake yi wa aiki tun mijinta na da rai, ta kira ni ana gobe hawan Arfa, babban ɗanta na cikin alhazai. An yi iska da daddare, hoto ya tafi, ni kuma ina Hotoro a kan wani aikin.

"Ɗan nan, ko ba zan gan shi ba, ina so in ga inda yake tsaye," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ni jikanki."

Na sa yaron ya duba turke. Ya ce layin fentin ya rabu biyu, na sama ya gusa hagu kamar faɗin ɗan yatsa. Na ce ya sassauta notuna biyu na baya, ya tura a hankali har layin ya haɗu, ya tsaya ya ƙirga uku. Ina riƙe da waya na ji talbiyya ta tashi daga cikin ɗakin, na ji Hajiya na cewa a matso mata da kujera.